Cinikin 'Yan Ƙwallo: Lissafin Da Magoya Baya Ke Tsallakewa

A kowace shekara, da zarar an rufe gasar ƙwararrun ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, wato NPFL, sai wata kasuwa ta buɗe wadda ba ta da rumfa, ba ta kuma da ranar ci. Ita ce kasuwar 'yan wasa. Tun daga kakar wasa ta 2023/2024 da aka daidaita jadawalin gasar da na ƙasashen Turai, wannan hutu yakan faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da manoman Zugurma, cikin Ƙaramar Hukumar Mashegu ta Masarautar Kontagora, ke fama da noma da neman taki. Duk da haka, idan an sauko daga gona aka yi sallar Isha, hirar da ke cika teburin mai shayi da ƙofar gidan kallo ba ta wuce guda ba: wane ɗan wasa Niger Tornadoes ta Minna ta ɗauko, wane ne ta sallama, wa kuma ya koma Kano Pillars.

Muhawarar takan yi zafi, kuma masu yin ta ba jahilan harkar ba ne. Akwai masu ganin cewa ƙungiyar da ba ta ɗauko fitaccen suna ba, ba ta shirya ba. Akwai masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, don haka a bar tsofaffin hannu su ja ragama. Akwai kuma matasa waɗanda suka fi sanin farashin 'yan wasan Ingila da Sifen fiye da farashin buhun masara a kasuwar garinsu, su kuma da wannan ma'auni suke auna cinikin gida. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin masu wannan gardama 'yan kasuwa ne, masu sayen hatsi da kaka su adana, ko masu sayen ɗan maraƙi su yi kiwo. Amma tambayoyin da ba za su taɓa mantawa da su ba a gaban dillali, su ne suke ajiyewa a gida idan an zo maganar ƙwallo.

Mutumin da ya je kasuwar shanu ta Mariga domin sayen san kiwo ba ya tsayawa kan kyan ƙaho. Yakan duba haƙori ya san shekaru, ya ƙiyasta dusa da harawar da zai ci kafin Babbar Sallah, ya tabbatar da cewa mai sayarwa shi ne mai shi, sa'an nan ya yi lissafin abin da zai rage masa bayan an fitar da la'ada. Ɗan wasa ba dabba ba ne, kuma ba jikinsa ake saye ba. Abin da ƙungiya ke mallaka shi ne yarjejeniyar aikin da ya sa wa hannu, da rajistarsa a wurin hukuma. To amma tambayoyin ba su canja ba: shekarunsa nawa, nawa zai ci a wata, har yaushe zai zauna, kuma idan ya tashi tafiya, aljihun wa kuɗin zai shiga. Ra'ayin wannan sharhi shi ne, amsar tambaya ta uku da ta huɗu ita ce ke bayyana ko ƙungiya ta ci kasuwa ko kasuwa ta ci ta, kuma su ne tambayoyin da aka fi tsallakewa.

Dalilin haka yana cikin dokar cinikin kanta. A ranar 15 ga Disamba, 1995, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ya shigar, inda ta ce ɗan wasan da yarjejeniyarsa ta ƙare yana da 'yancin komawa wata ƙungiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin ciniki ba. Daga baya wannan ƙa'ida ta shiga dokokin hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA. Ma'anarta a harshen kasuwa ita ce, darajar ɗan wasa a littafin ƙungiya tana tafiya ne da watannin da suka rage a yarjejeniyarsa. Wanda ya rage masa shekara uku kadara ce. Wanda ya rage masa wata biyu baƙo ne da ke ɗaure kaya.

A aikace, yawancin ƙungiyoyin gasar Nijeriya gajerar yarjejeniya suke ƙullawa, ta kaka ɗaya ko biyu, kuma ba sabon abu ba ne a ji ƙungiya ta sallami 'yan wasa goma ko fiye a ƙarshen kaka, ta kira wasu domin gwaji, ta zaɓi sababbi cikin 'yan makonni. Magoya baya sukan karɓi wannan da murna, suna cewa an yi garambawul. Amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin shago ya san cewa wannan haya ce. Idan yaron ya yi fice, a ƙarshen kaka zai tafi kyauta ko a kan kuɗi ƙalilan. Idan bai yi ba, an yi asarar albashin shekara. Ta kowace fuska ƙungiyar ba ta tara komai ba, kuma kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Jihar Neja tana da misali a gida wanda ya isa a yi nazari a kansa. A shekarar 1991, wani matashi ɗan asalin Kaduna, Tijjani Babangida, ya bar Niger Tornadoes zuwa ƙungiyar Roda JC ta ƙasar Holan, wadda ta fara ba da shi aro ga VVV-Venlo domin ya goge. Bayan shekara biyar, a 1996, Ajax ta Amsterdam ta saye shi domin ya maye gurbin Finidi George, a shekarar da ya ciwo lambar zinariya tare da tawagar Nijeriya a wasannin Olimfik na Atlanta. Shi ne kuma ya ci Afirka ta Kudu ƙwallaye biyu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka na 2000. Abin da ya dace ɗan kasuwa ya lura da shi a nan shi ne matakin da darajar ta ƙaru. Roda ta sayi ɗanyen kaya, ta sarrafa shi, ta riƙe shi da takarda mai ƙarfi, ta sayar wa babban mai saye. Wannan ita ce tsohuwar matsalar gyaɗa da auduga da fatu: a nan ake nomawa, a can ake cin ribar sarrafawa.

Bayan kusan shekara ashirin, labarin ya maimaita kansa a Kano, har ma ta garin Venlo ɗin ya sake bi. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18 a kakar 2009/2010, ya tafi VVV-Venlo a 2010, daga nan CSKA Mosko ta saye shi a farkon 2012. A 2016 Leicester City ta Ingila ta ɗauke shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kimanin Fam miliyan 16, sa'an nan a 2018 ya koma Al-Nassr ta Saudiyya. Manyan kuɗaɗen kuwa sun canja hannu ne tsakanin ƙungiyoyin waje. Junior Lokosa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2018 da ƙwallaye 19, bai daɗe ba shi ma ya bar Pillars zuwa Esperance ta Tunisiya. Babu laifi ga ɗan wasa ya nemi inda ya fi masa, domin sana'arsa gajeriya ce, kuma rauni ɗaya na iya ƙarar da ita. Tambayar da ta rage ga masu tafiyar da ƙungiya ita ce ko sun rubuta wa kansu wani kaso a cikin ciniki na gaba, kamar yadda ƙananan ƙungiyoyin Turai suka saba yi.

Sai kuma batun kuɗin tafiyar da ƙungiya, wanda shi ne tushen gajerar yarjejeniyar. Wajen shekarar 2014, kamfanin da ke gudanar da gasar a wancan lokaci, LMC, ya soke tsarin kuɗin sa hannu da ake yi wa 'yan wasa alkawari, wanda sau da yawa ba a cika biya, ya kuma tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 150,000 a wata. A lokacin, ana canjin Dala ɗaya a kan abin da bai kai Naira 200 ba, don haka albashin ya kusa Dala 900. A shekarar 2024, bayan an saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, Dala ta haura Naira 1,500, wato wannan adadi ya koma kimanin Dala 100. Ba a buƙatar dogon bincike kafin a gane dalilin da ya sa ɗan wasan da ya samu tayi daga Masar, ko Maroko, ko Tanzaniya, ba ya ko waiwaye. Shi kansa ba ya son doguwar yarjejeniya da kuɗin da ke narkewa a hannu, musamman a shekarar da hauhawar farashin kaya ta wuce kashi 34 cikin ɗari, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2024.

Ana iya yin ɗan lissafi na misali. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace tana da wasa 19 a gida. A ɗauka cewa 'yan kallo 5,000 ke shiga filin wasa na Bako Kontagora da ke Minna a kowane wasa, kowa ya biya Naira 500, babu mai tsallake katanga, babu mai shiga da alfarma. Abin da za a tara a kaka ɗaya shi ne Naira miliyan 47 da rabi. Idan kuma ƙungiyar tana da 'yan wasa 30, kowa a kan Naira 150,000 kacal, albashinsu na shekara ya kama Naira miliyan 54. Ba a sa albashin masu horarwa ba, ba a sa magani da abinci da masauki ba, ba a kuma sa man motar da za ta kai tawaga Uyo ko Fatakwal ko Maiduguri ba, alhali litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ko kyautar zakaran gasa ba ta rufe wannan giɓi: Enyimba ta samu Naira miliyan 100 a 2023, Rangers ta Inugu miliyan 150 a 2024, Remo Stars miliyan 200 a 2025, kuma ƙungiya ɗaya ce tak ke samu a shekara.

To daga ina ake cike giɓin? Daga baitulmalin jiha. Niger Tornadoes ta gwamnatin Jihar Neja ce, Kano Pillars ta gwamnatin Kano ce, haka Katsina United, da El-Kanemi Warriors ta Barno, da Wikki Tourists ta Bauchi. Wannan ne ya sa maganar ta wuce nishaɗi, ta shafi kowane mai biyan haraji, ko da bai taɓa kallon wasa ba. Kuɗin da aka ɗauko ɗan wasa da shi daga asusu ɗaya ya fito da kuɗin gyaran hanyar da manomin Mashegu ke fitar da amfanin gonarsa, da na maganin asibitin karkara. Mai shago a Zugurma da ke biyan kuɗin shiga ga hukuma yana da hannun jari a Tornadoes ko ya sani ko bai sani ba, sai dai ba a taɓa kiransa taron masu hannun jari ba, ba a kuma saba buga masa bayanin abin da aka kashe da abin da aka samu ba.

Tsarin mallakar gwamnati yana kuma da tasiri a kan yadda ake ciniki. Shugaban ƙungiyar da aka naɗa bai san ko zai kai baɗi a kujerarsa ba, domin canjin gwamnati ko rashin nasara a wasanni biyar na iya raba shi da ita. Kasafin kuɗinsa na shekara ɗaya ne, kuma sau da yawa ba ya fitowa a kan kari. Mutumin da ke cikin wannan hali, ko da mai gaskiya ne, zai fi son ɗan wasan da ya riga ya nuna, wanda zai ba da sakamako a bana, a kan yaro ɗan shekara 17 da sai an yi haƙuri da shi shekara uku, wanda kuma ribarsa za ta zo a zamanin wani. Ba mugunta ba ce, tsarin ne ya karkatar da shi. Bugu da ƙari, tun 2018 dokar FIFA ta ba ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu damar warware yarjejeniyarsa bayan ya ba da wa'adi a rubuce. Saboda haka ƙungiyar da albashinta ke jiran sa hannun wani ofishi tana iya rasa kadararta mafi tsada saboda jinkirin takarda.

Adalci ne a saurari masu cewa babban suna yana da amfaninsa. Lokacin da Ahmed Musa ya sake komawa Kano Pillars a watan Oktoban 2024, tare da Shehu Abdullahi, bayan gajeren zaman da ya yi a 2021, filin wasa ya ga cincirindon jama'a, shi kuwa ya ci ƙwallaye biyu a wasansa na farko. Irin wannan ciniki yana sayar da tikiti da riguna, yana jawo masu talla, yana kuma sa yara su ga abin koyi da idonsu. Amma ya kamata a kira shi da sunansa: kuɗin talla ne, kuma a ma'aunin talla za a auna shi. Ɗan wasan da ya haura shekara 30 ba za a sake sayar da shi da riba ba. Idan kuɗin ƙofa ya ƙaru fiye da abin da ya ci, kuma ƙarin ya shiga asusun ƙungiya, ciniki ya yi kyau. Idan kuwa rabin masu cika filin ba su biya ba, an yi biki ne kawai.

Kofin waccan kaka dai Remo Stars ta Ikenne ce ta ɗauka, ƙungiya mai zaman kanta ta ɗan kasuwa Kunle Soname, wadda ke da filin wasanta da makarantar horar da yara mai suna Beyond Limits. Ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, sa'an nan ta zama zakara a 2025, duk a ƙarƙashin mai horarwa guda, Daniel Ogunmodede. Ita kanta Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru, zamanin da ta fi haskakawa shi ne lokacin da ta riƙe ginshiƙanta irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad shekara da shekaru: ta ci gasar a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka ta 2009, ta kuma ci gasar sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Magoya bayan da ke ƙidaya sababbin fuskoki, da sun ƙidaya waɗanda suka zauna, da sun fi kusa da gaskiya.

Tarihin Tornadoes ma yana da abin faɗa. Ta ci Kofin Ƙalubale a 2000 bayan ta doke Rangers da ci ɗaya mai ban haushi. Ta kai wasan ƙarshe a 2017, Akwa United ta doke ta a bugun daga kai sai mai tsaron gida a Legas. Ta sake kaiwa a 2019, Kano Pillars ta yi mata irin haka a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Amma a wannan shekara ta 2019 ɗin ce ta faɗa rukuni na biyu. Wasan kofi na sa'a ne da zafin rana ɗaya, ita kuwa gasa mai tsawo tana buƙatar tawaga mai zurfi wadda ta saba da juna, kuma ba a haɗa irinta cikin makonni uku na gwaji. Pillars da kanta ta ɗanɗana faɗuwa a 2022, kafin ta dawo a 2023.

Wannan matsala ta ƙaramin jari a gaban babban jari ba a Nijeriya kaɗai take ba. A Amurka, inda wasan besbol da ake bugawa da kulki yake da farin jini, ƙungiyar Oakland Athletics ta rasa manyan 'yan wasanta uku bayan kakar 2001, ciki har da Jason Giambi wanda New York Yankees ta ɗauke a kan Dala miliyan 120 na shekara bakwai. Magoya baya suka ɗauka ta ƙare. Manajanta, Billy Beane, ya koma ga alƙaluma, ya nemo 'yan wasan da kasuwa ta raina amma ƙididdiga ta nuna suna da amfani. A 2002, da albashin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na Yankees ba, Oakland ta ci wasa 103, daidai da abin da Yankees ta ci, har da wasa 20 a jere. Ba ta ɗauki kofi ba, domin an fitar da ita a zagayen farko na wasannin ƙarshe. Abin da ya ba ta dama shi ne akwai rubutaccen bayani a kan kowane ɗan wasa. A nan kuwa, inda sau da yawa shaidar wakili da ɗan gajeren hoton bidiyo a waya su ne hujja, ba a rasa cinikin biri a sama.

Kada kuma a ɗauka cewa miƙa ƙungiya ga attajiri shi ne maganin komai. Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes ta Abeokuta sun yi tashe a shekarun 1980, suka watse a ƙarshen shekarun da masu su suka janye hannu. Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin masu riƙe da kofuna na Afirka a 1988, wadda kuma daga cikinta Daniel Amokachi ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990, ta daɗe da ɓacewa daga sahun gaba. Ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya ba ta fi wadda ta dogara da kasafin gwamna ɗaya tsaro ba. Abin da ke raba mai ɗorewa da mai shuɗewa shi ne ko tana da kuɗin shiga nata na kanta, kuma a halin da ƙasar ke ciki, inda kuɗin ƙofa da na talabijin ba su taka kara sun karya ba, hanya mafi girma ita ce renon 'yan wasa da sayar da su bisa tsari.

A nan ne maganar ta dawo Zugurma da Kontagora, domin akwai wata ƙofa a dokar FIFA da ba ta buƙatar babbar ƙungiya. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali yana cikin yarjejeniya, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kwata na kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar kuɗin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da rabin kashi ɗaya. A cinikin Fam miliyan 16, alal misali, wannan kaso ya kama Fam 800,000. Idan ƙaramar ƙungiya a Kontagora ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 15, daga baya aka sayar da shi a Turai a kan Yuro miliyan 10, rabonta Yuro 100,000 ne. A kan canjin Naira 1,600, wanda Yuro ta wuce a 2024, ya zama Naira miliyan 160, fiye da kyautar da zakaran gasar Nijeriya ya samu a wannan shekara. Kuma ana sake biya duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki. Akwai kuma diyyar horarwa, wadda ake biya idan yaro ya sa hannu a yarjejeniyarsa ta farko ta ƙwararru a wata ƙasa.

Babu mai cewa kowane yaro zai kai wannan matsayi. Mafi yawa ba za su kai ba, kuma duk wanda ya zuba jari a nan da tunanin riba cikin shekara biyu zai sha mamaki. Jari ne irin na dashen mangwaro, ba na noman wake ba. Sai dai Victor Osimhen, wanda Napoli ta saya daga Lille a 2020 a kan kimanin Yuro miliyan 70, bai taɓa buga gasar NPFL ba. Daga wata ƙaramar makarantar ƙwallo ta Legas, Ultimate Strikers, ya fita. Wannan ya nuna cewa masu saye na waje sun riga sun fara tsallake manyan ƙungiyoyin jihohi suna zuwa gindin bishiya kai tsaye. Yankin da ke da yara masu buga ƙwallo a kowane filin makaranta, amma babu ƙungiya mai rajista da ta rubuta sunansu, shi ne zai zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sharuɗɗan kuwa a bayyane suke. Dole ƙungiyar ta kasance tana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, wadda ke ƙarƙashin ta ƙasa, NFF, dole kuma a shigar da sunan yaron da shekarun da ya yi a wurinta cikin kundin hukuma na na'ura mai ƙwaƙwalwa. Tun watan Nuwamban 2022, FIFA ta buɗe wani ofishi a birnin Paris wanda ta hannunsa ake tantance waɗannan haƙƙoƙi a kuma biya su, kuma yana aiki ne da abin da ke rubuce a tarihin rajistar ɗan wasa, yana kuma bincikar asusun bankin ƙungiya da masu ita kafin ya saki ko sisi. Doka ta hana fitar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai, ta kuma hana wani mutum ko kamfani mallakar kaso a cikin cinikin ɗan wasa tun 2015. Saboda haka attajirin da ke son shiga harkar ba zai iya sayen rabin yaro ya ajiye ba, sai dai ya kafa ƙungiya ko ya shiga cikin wadda ke akwai.

Akwai kuma al'adar rage shekaru, wadda ake ɗauka dabara ce. A ƙarƙashin wannan tsari ita ma asara ce ga mai reno, domin idan takardar haihuwa ta ce yaron yana da shekara 10 a lokacin da yake da 14, shekarun da aka yi ana ciyar da shi da saya masa takalma sun faɗa wajen lissafi. Abin da ƙungiyar matasa a Zugurma ko Ibbi ko Kontagora ke buƙata kafin ta fara mafarkin Turai bai wuce takardar haihuwa ta gaskiya daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba, da yardar iyaye a rubuce, da rajistar kowace kaka, da asusun banki da sunan ƙungiya, da magatakarda guda mai adana takardu. Jimillar kuɗin waɗannan a shekara ba ta kai farashin san kiwo ɗaya a kasuwar Mariga ba.